Sarin Ɗan Boko

Akwai wata cuta da ke kama magidanci mai albashi da zarar kuɗin cefane ya fara fin ƙarfinsa: sai ya wayi gari masanin tattalin arziki. Ba ya buƙatar shiga aji. Rediyon safe, labaran waya da teburin mai shayi sun ishe shi ya gano abin da ya gagari ministoci. Yawancin masu wannan cuta a baki take tsaya musu, su yi ta bayani a majalisa har a kira Isha'i, kowa ya watse lafiya. Tawa ce ta zo da ƙari, domin ni na yarda zan iya aikata abin da nake faɗa, ga shi kuma ina da tsohuwar mota.

Ba za a ga laifina sosai ba in aka tuna yadda 2024 ta shigo mana. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600. Direban da ke ɗauko hatsi daga kasuwar ƙauye ya ƙara kuɗin mota, mai injin niƙa ya ƙara, mai amalanke ma da ke turawa da ƙarfin damtse ya ƙara, ya ce ai tuwon da yake ci a mota aka kawo masararsa. Aka saki naira ta nemo wa kanta daraja, ta dawo da labarin dala ɗaya ta haura naira 1,500. Aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela. A sassan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari kuwa, manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonar gadonsa, ya sake biya kafin ya girbe. Kafin Fabrairu ya raba tsakiya buhun shinkafa mai kilo 50 ya doshi naira dubu 70. Afafata, wadda masu casa kan ware su sayar wa masu kiwon kifi, ta shiga tukunyar mutane. Mata suka tare hanya a Minna, masu gurasa suka fito a Kano kan tsadar fulawa.

Duk waɗannan na sani, amma ni ba su ne na riƙe ba. Sun yi mini yawa, kuma babu wanda zan iya zagi ya ji. Sai na zaɓi dillali. Na yanke hukunci cewa abinci yana nan jingim a gona da araha, wasu marasa tsoron Allah ne suka tsaya tsakanin manomi da tukunyata suna yankar rabonsu. Ranar da hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, tafiyata ma sai da ta canja. Wanda ya gan ni a layinmu zai zaci ni na sa hannu a takardar.

A gida ne magana ta zama aiki. Na miƙa wa uwargida kuɗin cefane yadda na saba, ta juya su a hannu, ta dube ni.

"Malam, wannan na gishiri ne ko na daddawa? Don in san wanda zan bari."

Maimakon in ƙara ɗari biyar a zauna lafiya, sai na ɗauko takarda da biro. Na zana mata yadda tumatir ke tafiya: mai kayan miyan unguwa ya saro a 'Yankaba, na 'Yankaba ya karɓa hannun dillali, dillali ya murɗe wuyan manomi. Na ja layi guda daga gona zuwa kicin ɗinta, na tsallake su duka. Na ce yanzu lokacin tumatir ne, azumi na ƙaratowa, zan je Kwanar Gafan da kaina in sayo daga hannun mai shi, mu markaɗa wani, mu yi kauɗar wani, mu huta da sayen kashin ɗari biyu har damina. Zuwa da kai, na ce mata, ya fi aike.

Ta daɗe tana kallon zanen. "To, Allah ya kiyaye hanya. Ka dai bar mana na yau kafin ka tafi ceto mu."

Na fita da sassafe cikin farar shadda mai guga, da tabarau, da littafin rubuta lissafi. Har yau ban san abin da ya sa na zaɓi fara ba. Na ɗauki hanyar Zariya, na wuce Kura, koren gonakin rani ya fara bayyana dama da hagu, ruwan madatsar Tiga na bin magudanai zuwa Kadawa da Garun Malam da Bunkure. Kwanar Gafan ba ta buƙatar allon sanarwa, hanci ne ke faɗa maka ka iso. Tireloli sun jeru a bakin titi, masu zuwa Legas da Anacha da Fatakwal. 'Yan dako na gudu da kwanduna a ka, ruwan tumatir na bin ƙeyarsu. Ana ɗora kwando kan kwando har sama, na ƙasa yana ɗauke da nauyin duk 'yan uwansa, a haka za a yi tafiyar kwanaki cikin rana da ramuka. Na ga dillalai suna daga wannan tari zuwa wancan, waya a kunne, hannu a aljihu. Na harare su, na wuce. Ni gona na nufa.

Na bi wata burtali har na hango mutane suna tsinka. Na faka, na fito, na gyara tabarau, na buɗe littafi. Kafin in gama sallama mutum ya kai goma a kaina. Kafin in ce ga abin da ya kawo ni, wani yaro ya ruga cikin gari.

"Yallaɓai, fara rubuta ni, kadada biyu gare ni."

"Ranka ya daɗe, wancan karon ma an rubuta mu, ko buhu ɗaya ba mu gani ba."

Wani dattijo ya ciro katin zaɓe daga aljihun ciki, ya kakkaɓe shi, ya miƙo mini da hannu biyu. Ashe farar shadda da littafi a gona ma'ana ɗaya gare su: rajistar tallafin taki. Na yi ta rantse-rantse cewa ni malamin makaranta ne, tumatir na zo saye, kwando huɗu kacal. Aka yi shiru. Wani daga baya ya ce, "Ashe ɗan cefane ne." Taron ya watse da saurin da ya fi na haɗuwarsa, dattijon ya mayar da katinsa aljihu yana dubana da idon wanda aka ci wa amana.

Shi ne kuma ya tausaya mini ya tsaya. Na ce, "Baba, na zo ne in cece ka daga hannun dillalai. Ka sayar mini kai tsaye, ka samu ƙari, ni ma in samu ragi."

Ya yi dariya har sai da ya dafa gwiwa. Ya ce tumatirin da nake gani a gonar yana da mai shi tun yana fure. Irin da ya shuka bashi ne, takin bashi ne, maganin feshin bashi ne, fetur ɗin da injin ban-ruwa ke sha bashi ne, kuma duk daga aljihun mutum ɗaya suka fito, wato wanda na zo in cece shi daga hannunsa. Banki bai san hanyar garinsu ba.

"Yaro, kwando nawa ka ce?"

"Huɗu, Baba."

"Shi wanda kake zagi tirela yake cikawa, ranar kasuwa mai kyau da marar kyau. Tumatir in ya nuna ba ya jiran kowa. In na ba ka huɗu yau, jibi da zan sake tsinka zan gan ka?"

Ya tuna mini da 2021, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. 'Yan kwanaki kawai aka yi, amma tumatir ya zama abin zubarwa a bakin titi, yayin da can Legas farashi ke hawa. Ya nuna mini wajen Kadawa da haɓa, inda masana'antar tumatir ta Dangote take, wadda aka buɗe a 2016 don ta riƙa cinye tan 1,200 a rana, amma kwanakinta na rufe sun fi na aiki yawa. In kasuwa ta yi tsada, manomi ba ya kai mata. In tsutsa ta cinye gonaki, babu abin kaiwa. Ya ƙare da cewa in dai kwando huɗu ne, in koma bakin titi in nemi dillali, kada rana ta yi mini.

Na koma na nemi dillali. Ya ƙare mini kallo daga hula zuwa takalmi, ya faɗi farashi. Na taya rabi, yadda nake ji ana yi. Ya ce "albarka" ba tare da ya cire waya daga kunne ba. Na ƙara, ya ce albarka. Na juya zan tafi don ya kira ni, bai kira ni ba. Na yi tafiya mai ɗan nisa ina jiran a ce "Alhaji, dawo," babu wanda ya ce. Na dawo da kaina, na tarar kuɗin ya ƙaru saboda wata tirela ta shigo. Na biya.

Duk da haka raina fari tas, domin abin da na biya bai kai rabin farashin unguwa ba. Na rubuta ribar a littafi, na ja mata layi biyu. Sannan aka fara zuwa. La'ada waje. Kuɗin kwando daban, ashe ba kyauta ake ba da shi ba. Ɗan dako ya kai mini mota, ya tsaya da hannu a buɗe. Wani mai rasit ya zo, na biya. Wani mai rasit mai launi daban ya zo, na ce na biya, ya ce wancan na fili ne, wannan na lodi ne. Na ƙara da attaruhu da tattasai don kada tafiyar ta tashi a banza. Kwando biyu suka shiga but da kyar, sai da muka danna murfin mu biyu. Na ji wani sauti a ciki, na yi kamar ban ji ba. Sauran biyun suka zauna a kujerar baya.

Rana ta take. Motata ba ta da na'urar sanyaya, ko da tana da ita ba zan kunna ba a wannan farashin mai. Kowane rami na faɗa sai in ji kwandunan baya sun yi ajiyar zuciya. Kafin in kai Kura inji ya ɗau zafi, na tsaya neman ruwa, tumatir na dahuwa a but. Da na ci gaba sai na lura duk motar da ta wuce ni mutanen ciki na leƙowa suna nuna bayana. Na ɗaga musu hannu, na zaci sanayya ce.

A wani shinge wani mai kaki ya tsayar da ni, ya zagaya bayan motar, ya dawo da sauri yana gyara riƙon bindiga.

"Fito. A hankali. Me ke cikin but?"

Na fito na duba. Jan ruwa ne ke tsiyaya ta ƙasan murfin, ya wanke lamba, ya bi bamba, yana ɗiga a kwalta, ga sawunsa ya miƙe har iya ganin ido, kamar an yanka ragon layya a ciki. Masu sayar da rake da ruwan leda suka matso. Na ce tumatir ne. Ya ce kowa ma haka yake cewa. Na buɗe but hannuna na rawa, murfin ya ɗago, kwandon sama ya karkato, ya sauke abin da ya rage masa a gaban farar shaddata. Mai kakin ya daɗe yana kallona, sannan ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ba su karɓi ko sisi ba. Ɗayan ma cewa ya yi, "Allah ya mayar da alheri, Alhaji." Ko ɗari biyu ya karɓa da ya fi mini sauƙi a kan wannan addu'ar.

Masana kan ce kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan yana lalacewa tsakanin gona da kasuwa, saboda zafi da irin kwandon da ake zuba shi da rashin wurin sanyaya. Na sha karanta wannan ina gyaɗa kai. Ni a tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba na cika musu ƙiyasinsu, har na ɗan ƙara.

Uwargida ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta shimfiɗa buhu a tsakar gida, ta kasa tumatirin uku: mai rai, mai jinya, da wanda sai addu'a. Ta ce mai jinya dole a markaɗa yau. Mai injin markaɗe ya ga bokitai sun jeru, ya tuna mini farashin fetur. Aka dawo da markaɗe, aka ce sai an tafasa shi ya ƙafe, gas ɗin da aka yi niyyar ya kai mu azumi ya ƙare a kansa, aka koma gawayi. Aka ɗura a robobi aka sa a firji, a daren aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai da robobin suka kumbura suka fara magana da junansu.

Kauɗa na ce a bar mini, tunda ba ta buƙatar wuta ko mai, rana kuwa kyauta ce. Na zauna da wuƙa na yanyanka har yatsuna suka yi fari, na shanya a tabarma a ƙofar gida. Kajin unguwa suka fara zuwa gaisuwa. Na kore su na shiga alwala, na fito na tarar da akuyar maƙwabci ta ci sahun gaba tana shirin na biyu. Na kwashe na hau da shi rufin kwano, iskar ƙarshen hunturu ta yi masa ado da ƙura, wanda ya tsira kuma ya manne da kwanon ya ƙone. Sauran mai ran da ya fara laushi uwargida ta zuba a kwanuka ta ba yara su kai gida-gida. Kafin magariba magana ta zagaye unguwa cewa takarar kansila zan fito. Mutum biyu suka zo yi mini mubaya'a, ɗaya ya tambaya ko shinkafa na tafe.

Da na haɗa lissafi a ɓoye, da mai, da gyaran mota, da wanki da guga, sai na ga kowane tumatirin da ya shiga cikinmu ya fi na mai kayan miyan unguwa tsada. Na yage shafin.

Abin haushin shi ne hasashena ya yi daidai. Zafi na shigowa tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki, irin wadda ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016. Zuwa Mayu da Yuni babban kwando ya haura naira dubu 100 a Legas, a nan ma sai ka ga an jera 'yan ƙwayoyi huɗu a faranti ana kiran kuɗin da dā ke sayen bokiti. Gidaje suka koma kuka da kuɓewa da tumatirin leda. Ni kuwa ina da ajiya: kauɗa cikin 'yar leda ɗaya. Ranar Babbar Sallah na sa aka yi miya da ita don baƙi su shaida hangen nesa. Surukina ya kai loma ta farko, muka ji ƙaras. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ce miyar ta yi daɗi, yashin ma mai laushi ne.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na gano inda matsalar take: tumatir ruwa ne, hatsi kuwa dutse. Duk alamu sama suke nunawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. Buhun masara ya wuce naira dubu 80 a damina. Matasa suka fito zanga-zangar yunwa a farkon Agusta. A Satumba madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri. Na ce duk wanda ya sayi hatsi da kaka ya ajiye, baɗi shi ne sarki. Kwasar adashen ofis ta faɗo kaina a Nuwamba, na nufi Dawanau, wannan karon cikin tsohuwar riga mai duhu. Na sayi masara buhu shida da wake biyu, ta hannun dillali, ban ko yi gardamar la'ada ba.

Mai waken ya ba ni shawara in sayi buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro don ajiyar wake ba magani. In an ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa. Na ce waken nan tas yake, ko huda ɗaya babu. Ya ce ai ƙwan ƙwaron tun daga gona yake biyo shi. Na ɗauka dabarar ciniki ce, na yi masa murmushin wanda ya san kan duniya. Na jibge buhunan a ɗakin baƙi, a kan siminti tsura, ko katako ban sa a ƙasa ba.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙirga su. Ta tara yara ta ce, "Kada wanda ya faɗa a waje cewa babanku ɗan ɓoye ne." Na ce wannan tanadi ne. Ta ce haka su ma na Dawanau suka ce.

Juma'ar da ta biyo baya liman ya yi huɗuba kan masu ɓoye abinci suna jiran ya yi tsada. Masallacin cike yake, amma na rantse ni yake kallo. Dā a irin wannan huɗubar ni ke fara gyaɗa kai da ƙarfi ina waiwayen Alhazan sahun gaba. Ranar nan ƙwayar carbi na ƙura wa ido.

Na zauna jiran farashi ya tashi. Ya ƙi. Gwamnati ta riga ta sanar tun Yulin 2024 da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, kayan waje suka fara isowa, manyan masu ajiya suka tsorata suka fara fito da nasu. Ina kiran dillalina, kullum amsa ɗaya: "Kasuwa ta yi sanyi, Malam." Azumin 2025 ya zo, lokacin da na lissafa zan kwashi riba, masara ta sauka ƙasa da yadda na saya. Mutane na ta hamdala. Liman ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya ƙara mana sauƙin abinci, masallaci ya ɗauka da amin mai ƙarfi. Tawa amin ɗin ta fito, amma ko na kusa da ni bai ji ta ba.

A cikin ɗakin baƙi kuwa an buɗe wata kasuwar. Da dare in gida ya yi tsit ana jin wani ɗan ƙas-ƙas daga buhunan wake. Na kwance bakin ɗaya, ƙwari suka fito yawon shan iska, kowace ƙwayar wake da tagoginta. Ɓeraye suka huda masara ta ƙasa, damina ta faɗi, sanyin siminti ya hau buhunan da ke kwance, suka yi funfuna. Wani abokin aiki ya ce in yayyafa fiya-fiya, haka 'yan kasuwa da yawa ke yi. Na san irin wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, amma na kawo maganar gida a hankali don in ji ruwa. Uwargida ta ce ba ta hana ni ba, sai dai ni kaɗai zan ci, kuma in fara rubuta wasiyya in nuna mata inda takardun gida suke.

Aka shiga cin wake na dole. Alala da safe, ƙosai da yamma, ɗanwake, shinkafa da wake wadda waken ya rinjayi shinkafar. Ana jiƙa shi ƙwari su taso saman ruwa a tsiyaye. Ƙaramin ɗana ya tambaya ko laifi muka yi.

Daga ƙarshe na kira dillalin ya zo ya gani. Ya soka ƙarfensa a buhun masara, ya zaro, rabin abin da ya fito gari ne. Ya shinshina, ya murza a tafin hannu, ya ce wannan ta wuce tuwo, sai dai masu haɗa abincin kaji, su ma in ba su ga na ƙasan ba. Ya yi waya biyu a tsaye, kafin la'asar a-kori-kura ta zo ta kwashe. Abin da ya gagare ni watanni ya gama shi kafin shayin da aka kawo masa ya huce. Ya ƙirgo kuɗin, bai kai rabin abin da na zuba ba, ya zare la'adarsa a gabana. Na ce Allah ya yi albarka, kuma har zuciyata na faɗa.

Ba wai na koma ina yi wa dillalai kirari ba ne. Akwai mugaye a cikinsu, akwai masu ɓoyon da suka fi ni jari da rashin kunya. Sai dai layin nan da na ja a takarda daga gona zuwa kicin, na bi shi da ƙafata na ga abin da ke kansa: bashin da banki bai bayar ba, titi mai ramuka, man da ya ninka sau uku, kwandon da ke matse kaya, rasit kala-kala, firjin da ba wuta, rumbun da babu. Kowanne sai ya ci rabonsa kafin loma ta iso baki, ko da dillali ko babu shi. Shi ya sa abin ba ya tsayawa a tsakiya: in ya yi tsada ni ke kuka, in ya yi araha manomi ke kuka. Da kakar 2025 ta zo, manoma na ta ƙorafin cewa buhun masara ba ya sayen buhun taki.

Kwanan baya ɗan baffana ya kira ni daga ƙauye muka gaisa. Ya ce shi kam ya haƙura da masara, taki ya fi ƙarfinsa, dawa da waken suya zai shuka, kuma kusan duk garin haka suka yanke. Muka yi sallama. Na zauna shiru. In gari guda ya bar masara, wasu garuruwan ma za su bari. In aka bari, baɗi za ta yi ƙaranci. In ta yi ƙaranci, wanda ya saya yanzu da arahar nan, ya sa a buhu mai leda, ya ɗora kan katako...

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan biro ba. Uwargida ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Yauwa Malam, tunda ka ɗauko, rubuta. Gishiri, daddawa, man gyaɗa rabin kwalba, tumatir na ɗari uku. Shagon kan kwana. Da ƙafa za ka, makullin motar yana wurina."